Yaya, ba fa Ingila muke ba

Yaya na ji saƙonka, kuma maganar da ta tsaya min a wuya ita ce wai "ku Hausawan Ingila kun gama zama Turawa". Dan Allah a fara gyara wannan tukuna. Ayalan muke, ba Ingila ba, kuma in ka kira ɗan ƙasar nan Baturen Ingila a gabansa to ka tsokano faɗa da rana tsaka. Mu yuro muke kashewa su fam, nan shugaban ƙasa ake zaɓa can sarki gare su, kuma kafin a kai ga haka jini ya zuba ba kaɗan ba. Abin da ke damuna da mutanen gida shi ne duk farar fata a wurinku Nasara ɗaya ne, wanda ya ci Kano da Sakkwato a 1903, alhali mutanen da nake zaune cikinsu sun fi mu daɗewa a hannun wannan Baturen nesa ba kusa ba, su tun daga 1169 suke ƙirgawa, lokacin da mayaƙa suka fara tsallakowa daga Birtaniya. Ban ce waliyyai ba ne, da yawansu sun shiga sojan Ingila an je an ci ƙasashen mutane da su, amma a ƙasarsu ta haihuwa su ma talakawan mallaka ne, an ƙwace musu gonaki an raba wa baƙi, an yi dokokin da suka hana ɗan Katolika shiga majalisa har sai 1829 da Daniel O'Connell ya tsaya kai da fata.

Surukina manomi ne a Mayo, can yammacin ƙasar. Ya taɓa ɗaukata muka hau wani tudu a bayan gonarsa inda tumaki ke kiwo, ya ce in duba ƙasa da kyau. Kunyoyi ne Yaya, a jere, ciyawa ta rufe su amma shatinsu na nan, kunyoyin dankali ne na mutanen da suka bar wurin tuntuni, ga kuma kangon ɗakunansu na dutse babu rufi. Ya ce min yunwa ce ta kwashe su. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta kama dankali, wanda shi kaɗai ne abincin talaka, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗin ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar, kuma duk wannan lokacin ana loda hatsi da shanu daga tashoshinsu ana kaiwa Ingila. Kafin yunwar tsibirin ya haura mutum miliyan 8, har yau bai koma wannan adadin ba. Da yana gaya min bai ɗaga murya ba amma idonsa ya yi ja. Shi ne kuma ya fara gaya min cewa Sarkin Musulmin Istanbul na lokacin, Abdulmajid, ya aiko musu da gudummawar fam dubu, ni Musulmin ban sani ba sai a bakin tsoho ɗan Katolika. To irin gidan da na yi aure ke nan.

Kuma tunda maganar ta zo, na san abin da ake faɗa a gida, wai auren takarda ne. Wallahi wannan maganar tana min ciwo. A masallacin South Circular Road a Dablin aka ɗaura mana aure, da sadaki da shaidu, ubanta na zaune a gefe ya cire takalmi yana kallon ikon Allah, kuma a lokacin ina da takarduna. Ita ta musulunta daga baya don kanta, ba wanda ya matsa mata, a Ramadan ɗin da ya faɗo watan Yuni ta yi azumin sa'a goma sha takwas da ɗoriya tare da mu ba ta sha ko ɗaya ba. Lokacin jinyar Inna ita ce ta dinga tuna min ranar tura kuɗin magani. Mu nan tsarinmu a fili yake, namiji in ya auri 'yar ƙasa ba a ƙyamarta, matanmu ne ke janta a jiki su koya mata tuwo da ɗaurin ɗankwali da yadda ake gaida manya, 'ya mace kuwa sai Musulmi, ko baƙi ne ko fari, kuma ba mu taɓa sassautawa ba. Ban ce ba a samun auren da ya lalace ba, ana samu, amma a Kano ma ai kotuna cike suke.

Yarana sun fi ni sanin tarihin ƙasar nan sabida a makaranta ake koya musu, kuma ta bakinsu na fara jin labarin tawayen 1916. Ranar Litinin ta Ista, 24 ga Afrilu, 'yan tawaye suka kame babban gidan waya na Dablin, Patrick Pearse, malamin makaranta ne fa, ya fito bakin ƙofa ya karanta takardar shelar jamhuriya. Kwana shida suka yi aka murƙushe su da igwa, kuma abin mamaki mutanen gari da yawa ma haushinsu suka ji a lokacin, sabida an ragargaza musu birni. Sai Ingila ta fara harbe jagororin ɗaya bayan ɗaya a kurkukun Kilmainham. Na raka 'yan ajin babbar 'yata wurin, an kai mu wani tsakar gida mai dogayen katangu inda da fursunoni ke fasa dutse, ba komai a ciki sai tuta da 'yan ƙananan gicciye biyu a ƙasa, ɗaya kusa da ƙofa, nan aka harbe James Connolly a ɗaure kan kujera don raunin ƙafarsa ya hana shi tsayuwa. Yara masu surutu duk suka yi tsit. Mutum 16 aka kashe gaba ɗaya, na ƙarshensu Roger Casement da aka rataye a Landan, wanda ya taɓa yi wa Turawan mulki aiki a Kalaba ta Najeriya kafin ya juya musu baya. Wannan kisan ne ya juya zukatan jama'a, a zaɓen 1918 jam'iyyar masu neman 'yanci, Sinn Féin, ta ci kujeru 73 cikin 105 na Ayalan, suka ƙi zuwa majalisar Landan suka kafa tasu a Dablin a Janairun 1919, daga nan yaƙin sari-ka-noƙe ya ɓarke, Michael Collins na jan ragamar leƙen asiri.

Ɗana yana buga ƙwallon gargajiyarsu, kuma na ji an ce har hotonsa da rigar kulob an yi ta yawo da shi a dangi ana cewa ga ɗan Bature. Ita wannan ƙwallon fa ƙungiyarta tun 1884 aka kafa ta musamman don kar yaransu su koma wasannin Ingila. A filinsu na Croke Park, ranar 21 ga Nuwamba 1920, jami'an Ingila suka buɗe wuta kan 'yan kallo suka kashe mutum 14, har da ɗan wasa Michael Hogan wanda yanzu sunansa ke kan rumfa guda ta filin. Yaron da ke wannan wasan ba Ingila yake kwaikwayo ba.

'Yancin ma bai zo musu da daɗi ba. Yarjejeniyar Disamba 1921 ta ba su gundumomi 26, shida na arewa suka zauna da Birtaniya, ga kuma rantsuwar biyayya ga sarki, sai abokan gwagwarmaya suka juya wa juna bindiga a yaƙin basasa, aka kashe Collins a Cork a Agustan 1922. Surukina ya ce kakansa da ƙanin kakan sun mutu ba sa ga maciji da juna a kan wannan. Sai 1949 suka zama cikakkiyar jamhuriya, arewa kuma ta sha rikicin da ya ci rai sama da 3,500 kafin sulhun 1998. Yanzu in ka tuƙa daga Dablin zuwa Belfast, babban birnin arewar, ba shinge ba soja, sai dai ka ga allon hanya ya koma mil daga kilomita.

Amma inda abin ya fi taɓa mu, mu Hausawan nan, shi ne harshe. Sun samu ƙasa amma harshensu ya kusa tafiya. A da har sanda ake rataya wa yaro a wuya, duk sanda ya yi yarensu a yi mata tsaga, a doke shi daidai yawan tsagar, kamar dai yadda ake cin mu tara a firamare in mun yi Hausa a aji. Yau dole ne a koyi yaren a makaranta, yana kan kowane allon titi a saman Turanci, amma masu yinsa kullum a wajen aji ba su wuce dubu 70 da 'yan kai ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 5. Surukata kakarta da shi ta tashi, ita kuwa sai 'yan addu'o'i da gaisuwa, kuma ita ce ta kama hannuna ranar suna ta ce kar in kuskura in yi wa jaririn Turanci, zai same shi a waje ko ban so ba. Shi ya sa a gidana daga ƙofa Hausa ce, shi ya sa duk Asabar muke haɗa yara, bayan karatun allo a zauna a yi tatsuniya da kacici-kacici, wata baiwar Allah 'yar Damagaram ce ke riƙe da su kyauta. Ba mu da yawa, Yarbawa da Ibo sun ninka mu sau nawa, kuma ba mu da zango kamar na Kumasi, muna warwatse ne a Dablin da Cork da Dundalk da Galway, amma in aka yi haihuwa ko rasuwa sai ka ga motoci daga ko'ina.

Ba wai komai lafiya ba ne. Tsofaffinsu in ka ce Najeriya sai su ce Biyafara, don limaman cocinsu a can suka fi zama kuma an tara kuɗin agaji a nan a 1968, sai ka yi ta bayanin cewa kai daga arewa kake, wani lokacin ka ga fuska ta ɗan canza. Sai in tuna musu cewa sistocin da suka kafa St. Louis ta Kano ma nasu ne. A 2004 sun kaɗa ƙuri'a suka soke bai wa duk jaririn da aka haifa a nan zama ɗan ƙasa kai tsaye, kuma mun san da su wa ake. Daren tarzomar ƙin jinin baƙi a Dablin a Nuwamban 2023 ban bar kowa ya fita ba. Amma su ɗin dai ne suka amince da ƙasar Falasɗinu a 2024, kuma in ka je zanga-zangar Gaza fararen tsofaffi sun fi mu yawa, sabida sun san abin a jikinsu.

Abin da ya fi min ciwo ma ba na nan ba ne. Da muka zo gida da yaran, ƙaramar ta durƙusa ta gaida ku da Hausarta mai ɗan karkata, sai aka fashe da dariya ana cewa ta sake faɗa, ta sake faɗa, har ta yi shiru ta koma bayan uwarta, kuma a ɗakin nan akwai yaran da aka haifa a Abuja da ko "ina kwana" sai an matsa musu. Tun daga ranar sai na yi da gaske take yarda ta karɓi waya in ku ne. Dan Allah Yaya in ka kira ranar Juma'a ka ce a ba ta, ka yi mata Hausa, in ta yi kuskure ka wuce kawai kar ka gyara kuma kar ka juya Turanci don ka sauƙaƙa mata. Ka gaida su Goggo, ka ce kuka da daddawar da ta aiko sun iso lafiya.