Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta hana a fitar da ku daga gidan

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce Babbar Kotun Jiha ta ba abokin shari'arku gidan da mahaifinku ya bari mai shaguna a gaba, ta kuma umarce ku da ku tashi, kina tambaya ko ƙarar da lauyanku ya ɗaukaka ta isa ta hana a zo a fitar da ku. Allah ya jiƙan mahaifinku. Ba ta isa ba, kuma na san haka ne saboda mun taɓa zama inda kuke zaune yanzu.

Sashe na 17 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya ya faɗa ƙarara cewa ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da zartar da hukunci, sai in kotu ce ta ba da umarnin dakatarwa. Mu a lokacin ba mu san da wannan ba. Mun biya kuɗin ɗaukaka ƙara, yayanmu ya adana rasit a aljihun gaba, muka koma gida hankali kwance. Wata safiya bayan sallar asuba sai ga ma'aikatan kotu da 'yan sanda biyu da kafinta riƙe da sababbin kwaɗo. Yayanmu ya miƙa wa shugabansu rasit ɗin, ya duba, ya mayar masa cikin ladabi, ya ce abin da zai tsayar da shi kawai shi ne umarnin alƙali. Kafin hantsi tukwanen mahaifiyarmu da katifarta suna kan titi.

Saboda haka ki koma wurin lauyanku yau, ki tambaye shi ko ya shigar da buƙatar dakatar da zartar da hukunci, wadda takarda ce daban mai tafiya da takardar rantsuwa. Lokacin ƙanƙane ne, domin idan alƙali bai sa ranar tashi ba, ƙa'idojin zartar da hukunci sun ba da damar fitar da takardar karɓe gida bayan kwana 14 kacal, alhali wa'adin ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe wata uku ne. Ana fara kai buƙatar gaban kotun da ta yanke hukuncin, idan ta ƙi kuna da kwana 15 ku kai irinta Kotun Ɗaukaka Ƙara. Da zarar an shigar, a tabbata an kai wa abokin shari'a da ofishin masu zartar da hukunci nasu kwafin, an kuma sa hannu an buga hatimi.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne abin da suke rubutawa a takardar rantsuwa. Alƙali yana farawa ne daga cewa wanda ya yi nasara yana da haƙƙin cin moriyar nasararsa, don haka cewa an zalunce ku ko ba ku da wurin zuwa ba ya wadatarwa shi kaɗai. Tun shari'ar Vaswani da Savalakh a 1972 Kotun Ƙoli ta shimfiɗa ma'aunin: a nuna wani dalili na musamman, wato idan aka zartar da hukuncin abin da ake jayayya a kansa zai salwanta, ta yadda ko kun yi nasara daga baya ba za a iya mayar da al'amura yadda suke ba. A shari'ar gida wannan yana nufin hujja a kan rushewa, ko sayarwa, ko sauya fasalin ginin. Idan dillalai sun fara kawo masu saye, ko an sauke yashi da bulo a ƙofar gida, ku ɗauki hoto, wanda ya gani da idonsa ya yi rantsuwa. Haka kuma dalilan ɗaukaka ƙarar su ƙunshi tambaya ta shari'a mai nauyi, musamman idan akwai magana a kan hurumin kotun.

A ganina abin da ya fi sa alƙali ya saurare ku shi ne ku riga shi kawo sharaɗi. Da muka koma kotu, lauyanmu ya ce mun yarda kuɗin hayar shagunan da ke jikin namu gidan su riƙa shiga asusun da rajistaran kotu zai kula da shi, kuma ba za mu sayar ko jinginar da komai ba. Mun rasa kuɗin da muke cefane da su na tsawon shari'ar, abin ya yi mana ciwo ƙwarai, amma gidan ya tsaya a yadda yake. Sai dai da yake an riga an fitar da mu, babu sauran abin dakatarwa, umarnin hana taɓa ginin kawai muka samu, mahaifiyarmu kuma ta yi zaman jiran a gidan haya.

Ki kuma karanta ƙarshen hukuncin da kyau. Idan kotu ta ayyana mai gida ne kawai ba tare da umarnin tashi ba, irin wannan ba a dakatar da shi, umarnin hani ake nema har a gama ɗaukaka ƙara. Naku tunda akwai umarnin tashi, lauya zai iya neman duka biyun a takarda ɗaya.

Ina roƙonki ki ja kunnen samarin gidanku kada su tare ƙofa ko su fasa kwaɗo. A shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986, gwamnati ta fitar da shi da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu, ta ƙi bin umarnin mayar da shi, sannan ta je Kotun Ƙoli neman dakatarwa, kotun kuwa ta ƙi ba ta saboda ta raina umarnin kotu. Idan aka zo kafin a saurari buƙatarku, ku nuna kwafin mai hatimi, ku kira lauya nan take, ku rubuta sunayen ma'aikatan da lokacin da suka iso, domin da waɗannan ne zai nemi a soke zartarwar.