Kamfanina na Guangzhou ya shiga jerin masu matsala, in maka ejan kotu?

Tambaya: Barista, ina da kamfanin fitar da kaya da na yi wa rajista a birnin Guangzhou na ƙasar Sin da jarina ni kaɗai. Bara ko kwantena ɗaya ban ɗora ba. Yanzu an ce kamfanin ya shiga jerin waɗanda harkarsu ba ta kan ƙa'ida, wai ba a miƙa rahoton shekara ba. Ni dai na san an daina binciken shekara-shekara, kuma akwai ejan da nake biya yana riƙe mini takardu. So nake in maka shi kotu.

Amsa: Alhaji, ban ga yarjejeniyarka da ejan ba, kuma dole lauya mai lasisi a ƙasar Sin ya duba takardun kafin ka ɗauki mataki. Amma daga abin da ka faɗa, akwai gyara a fahimtarka.

Gaskiya ne tun 2014 aka soke tsohon tsarin da kamfani ke kai takardunsa hukuma ta duba ta buga hatimi. Sai dai rahoton shekara ne ya maye gurbinsa, shi ma tilas ne. Tun da dokar zuba jarin baƙi ta fara aiki a 1 ga Janairun 2020, kamfani irin naka yana cike rahoto guda ta intanet tsakanin 1 ga Janairu da 30 ga Yuni, bayanan su isa ga hukumar kula da kasuwanni, da ma'aikatar kasuwanci, da hukumar kuɗaɗen waje. Har yanzu kuma hukuma tana zaɓo kamfanoni ta hanyar ƙuri'a ta bincike su.

Maganar cewa ba ka yi ciniki ba, ita ce ta fi damuna, domin mutane da yawa a nan suke zamewa. Doka ba ta tambayar ko ka sayar da kaya. Muddin lasisin yana raye, ana cike rahoto, ko da sifili za a rubuta a gurbin ciniki. Haka ma lissafin harajin kamfani na shekara, wanda wa'adinsa 31 ga Mayu ne. Ka bincika ko shi an yi, don ina shakka.

Sannan a idon hukuma, nauyin yana wuyan kamfani ne da wakilinsa na doka, wanda mai yiwuwa kai ne. Ba ruwanta da ejan. Idan ma'aikatar kasuwanci ta ba da wa'adin gyara aka ƙi, dokar zuba jarin baƙi ta tanadi tarar yuan (kuɗin ƙasar Sin) 100,000 zuwa 500,000. Kamfanin da ya yi shekara biyu a jere bai miƙa rahoto ba, aka kuma neme shi a adireshinsa aka rasa, ana iya soke lasisinsa. Da alama ba ka kai nan ba, amma jerin a buɗe yake, banki da masu sayar maka da kaya duk suna iya gani.

Gyaran ba wuya: a cike rahoton da aka tsallake, a nemi a cire sunan.

Batun ejan kuwa, wanda ya karɓi kuɗin aiki ya bar watan Yuni ya wuce bai ko kira ka ba, ba ni da abin yaba masa. Mai yiwuwa kana da haƙƙi a kansa, in har rahoton shekara yana cikin aikin da aka rubuta. Wasu yarjejeniyoyin ajiyar lissafi da harajin wata-wata kawai suka ƙunsa. Ko ka je kotu, sai ka nuna asarar da ka yi a kuɗi, da Sinanci za a yi shari'ar, kuma kuɗin lauya na iya zarce abin da za ka samu.

Shawarata ka rubuta masa takarda ka ba shi kwanaki ya gyara da kuɗinsa, ya kuma ɗauki tara in ta fito. In ya yi gardama, ku nemi mai sulhu. Kafin ku ɓata, ka lallaɓa ka karɓo hatimin kamfani, da lasisi, da littattafan lissafi, da lambobin shiga shafin hukuma, idan a hannunsa suke.