Masu ruwa da roƙon kayan miya: amsa ga Yaya

Yaya, shekaranjiya da la'asar a tsakar gida, kina ɗaure mini ƙullin busasshiyar kuɓewa da gabu, kika jefo mini magana a gaban matan gida. Kika ce: "Wai ku mutanen Abijan, mi kuke yi da ruwan da Allah ya ba ku? Kullum aka kira ku sai ku ce ana ruwa, amma ba motar da za ta tashi daga Tawa ba a saka muku kayan miya ba. Ko ƙyuya ce?" Kowa ya yi dariya har da ni, sai kiran magariba ya raba zancen. Maganar ta kwana a raina. Ga amsa na rubuta, a ba ɗanki ya karanta miki, don na san halinki: in da baki ne ba za ki bar ni in kai aya ba.

Gaskiyarki, ruwa akwai shi. Abin da ke sauka a Abijan a shekara ya kai wajen milimita 1,800, ku kuwa nan Tawa in kun samu 400 sai a ce damina ta yi kyau. Ruwan watan Yuni kaɗai ya fi na shekararku. Damina biyu gare mu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Oktoba da Nuwamba. Hunturun da ke tsaga muku leɓe wata uku, mu ƴan kwanaki yake yi mana a Disamba ko Janairu, ya ɗan yi hazo ya wuce. Sauran shekara iskar kanta a jiƙe take. Ki manta takalmin fata a ƙarƙashin gado sati biyu, ki ɗauko shi ya yi fumfuna fari fat.

Shekara 27 ke nan da aka kai ni can. Kin tuna Inna ta ƙulla mini iri a bakin zane, na albasa da tumatir da yakuwa da kuɓewa. Gidan da muka fara zama a Abobo na haya ne, ƙofa goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Bayan ɗakinmu akwai ɗan lungu da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Na yi masa abin da na tashi na ga Baba yana yi a garka: na fafe ƙasa, na ja mata baki, na yi fangali mai zurfi don ruwa ya zauna. Ya kuwa zauna. Dare ɗaya aka yi shi kamar da bakin ƙwarya, da safe na tarar da ɗan tafki, kwaɗi na ta biki a ciki, irin Inna yana yawo a sama. Wata tsohuwa ƴar ƙabilar Baule da ke ƙofa ta uku ta zo ta tsaya, ta dube ni, ta dubi ramin. Ba ta jin Hausa, ni kuma a lokacin ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba. Ta karɓe hauyar daga hannuna, ta tara ƙasa ta yi tudu har kusan gwiwa, ta ja ƴar rariya a gefe inda ruwa zai bi ya fice, ta miƙo mini hauyata ta koma ɗakinta.

Tun ranar na gane aikin a juye yake. Ku duk dabararku ta tsare ruwa ce: fangali, tassa, ramukan shuka masu tare ruwa, irin ta mutanen Illela da Badagishiri, jeren duwatsu a gangaren Keita, ban ruwa safe da yamma. Mu tamu ta korar shi ce. Yawancin matanmu ma ba a ƙasa suke shuka ba, sai a tsohon bokitin fenti, bidon da aka yanke, buhun shinkafa, bahon wanka da ya tsage. Kafin ki zuba ƙasa sai kin gasa ƙusa a wuta kin huhhuda gindin, kin shimfiɗa tsakuwa ko gutsattsarin gawayi, sannan ki ɗora a kan bulo kada ya zauna cikin ruwa. Ƙasar kanta rairayi ce da ruwa ya wanke tas. Takin da kika zuba yau, ruwa biyu ya tafi da shi, don haka kaɗan-kaɗan ake ba ta, a kai a kai. Muna sayen kashin kaji mai haɗe da dusar katako, amma sai an bar shi ya ruɓe ya huce, in ba haka ba ya ƙone shuka. Mai ɗan'uwa a kasuwar dabbobi, inda ake sauke shanu da tumakin da ke zuwa daga Mali da Burkina da Nijar, shi ya more. Lokacin layya kuwa, ragon da ya kwana uku a ɗaure a ƙofar ɗaki, har kashinsa sai an yi rabo.

Bari in ɗauko albasa, tunda ita ce abin taƙamarku. Ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, ni sai a Abijan na ga karin maganar da idona. Albasar Galmi sanyin hunturu take so tana ƙarama, sannan rana mai zafi da busasshiyar iska in ta zo yin kai. Shi ya sa kuke dasa ta bayan damina, ku cire wajen Maris da Afrilu, ku zuba a rudu ta yi watanni. A wurinmu ganye take yi shar, ki yi ta murna, ki tono ki ga kan bai fi goro ba, wuyan ya yi laushi yana wari. Sau uku na gwada na haƙura. Yanzu gindin wadda na yanka a miya nake dasawa, don lawashi kawai. Kuma ba ni kaɗai ba ce, garin ne gaba ɗaya. Ki je Ajame ki ga yadda ake sauke buhunan albasar Nijar daga manyan motoci, in ta yanke sai ta Holan da jirgin ruwa ke kawowa. Can arewacin Kodebuwa wajen Korogo, inda rani yake rani, suna ɗan noma ta. Ko garban nan da duk Abijan ke ci, aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, wanda ya samo suna daga ƴan'uwanmu masu sayar da shi, albasar da ake yayyankawa a kai sau da yawa daga gonakinku ta fito.

Tumatir shi ya fi sa ni kuka. Wata shekara na samu gindi shida sun kai ƙuguna, sun yi fure, wasu har sun ɗaura ƴaƴa. Da safe lafiya lau, da azahar guda ya langaɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, ganyen kuma kore shar, ko rawaya bai yi ba. Na ce ƙishi ne, na ƙara masa ruwa. Kwana huɗu duk shidan suka bi shi. Har na fara zargin bakin maƙwabta, Allah ya yafe mini. Wani yaro ɗan wajen Madawa da ke aiki a garkunan salati kusa da filin jirgi ya zo gaishe da maigida, na nuna masa. Ya ce, "Inna, ba ni kofin gilas da ruwa." Ya yanke karan kusa da gindi, ya tsoma bakin yankan a ruwa, ya ce in zuba ido. Ba a jima ba sai ga wani abu fari yana zarowa daga karan kamar zaren hayaƙi, har ruwan ya yi dishi-dishi. Ya ce cuta ce da ke zaune cikin ƙasa, zafi da damshi ne abincinta, tana toshe hanyar da shuka ke shan ruwa, kuma ba feshin da ke maganinta. Sai dai a tuge a ƙone, a zubar da ƙasar bokitin, kada a sake sa tumatir ko tattasai ko gauta a ciki, don duk dangi ɗaya ne. Ban da wannan, daren Abijan ba ya yin sanyi, furen tumatir sai ya yi ta zuba bai ɗaura ba. Yanzu ƙananan nan masu tsami nake shukawa, a ƙarshen Nuwamba, a ƙarƙashin bakin kwano inda ruwan sama ba ya dukansu.

Ku awaki da fara kuke tsoro, mu dodon koɗi. Ba irin ƴan mitsi-mitsin da kika sani ba, wani ya cika tafin hannu. Da rana ba ki ganinsa, cikin dare ya share miki alayyafo kamar an aske. Toka nake zagaya wa bokitai, in an yi ruwa in sake. Ƴaƴan maƙwabta kuma na ba su izini su shigo da tocila su tsince, don su a wurinsu nama ne mai tsada. Kowa ya huta.

Kada ki ce ba abin da ke yi. Lalo, da suke kira kpalala, ko ba ki shuka ba zai fito. Alayyafo sati uku zuwa huɗu kin fara yanka. Yakuwa tana yi, attaruhu yana shekara yana ba ki, gautarsu ƙanana masu ɗaci ba sa jin komai. Akwai wata kuɓewa tasu da ke fin mutum tsayi, ta yi watanni tana haihuwa. Zogale reshe kawai za ki kafa a tudu, amma in ruwa ya kwanta a gindinsa ya mutu, haka ma gwanda, wadda ba ta cika shekara take fara ƴaƴa. Na koyi miyar ganyen dankali da na rogo, abin da a da nake ganin na awaki ne. Na'ana'ar shayin maigida da sitronel ba su taɓa yankewa a gidana ba. Ɗanyen ganye dai mun fi ku, wata goma sha biyu.

Abin da ba mu da shi ranar shanya ce. Ke kina yanka kuɓewa ki baza a tabarma, kwana biyu ta bushe ƙayau. Ni in na baza, kwana biyu ta yi baƙi tana yauƙi. Garin kuka in ban toshe shi a kwalba ba dunƙulewa yake. Iri ma haka: wanda ke shekara biyu a tulunki, nawa in ya yi ƴan watanni a leda sai rabi ya ƙi tsira, sai dai kwalba da toka a rufe ruf. Harshenmu kuma bai bar gida ba. A ci aloko, soyayyar ayabarsu, a ci aceke, amma ranar Juma'a maigida tuwo yake so da miyar kuka mai daudawar batso da gabu. Ƙullin da kike ɗaurewa, abin da rana ta yi masa ne muke roƙo, ba ganyen ba.

Kin kuma taɓa tambaya me ya hana mu fita bayan gari mu yi babbar garka. Ƙasar ba tamu ba ce, Yaya. Dokar da aka yi a 1998 ta ce ƙasar karkara ɗan ƙasa ne kaɗai zai mallake ta, baƙo sai aro ko haya. A al'adarsu kuma, wanda ya dasa itace a fili kamar yana cewa nawa ne, don haka mai hankali a cikinmu ba ya dasa mangwaro a inda aka ara masa, sai abin da zai girbe cikin wata uku. Bokiti ya fi mana kwanciyar hankali: ranar da mai gida ya ce a tashi, a ɗora garka a amalanke tare da katifa. Ni sau huɗu na yi ƙaura da tawa.

Tsakaninmu mata, shukar nan ta zama wani zumunci. A gidan suna ko wurin zubin adashi za ki ga mace ta kwance gefen mayafi ta miƙa wa wata dashen attaruhu a gwangwanin madara. Ba a sayarwa, abin kunya ne. Wadda ta dawo daga gida kuma ba ta da ikon ɓoye tsaraba, kafin ta huta an cika mata ɗaki, kowa da ƴar kwalbarta. To kin ji inda rabin ƙullinki ke tafiya.

Furanni kuwa, mu da muka tashi nan ba mu ɗauke su komai ba, abin da ba ya shiga tukunya. Ƴaƴanmu da aka haifa can su suka shigo mana da su, sun ga gidajen Kokodi, unguwar masu hali, makaranta ta kai su lambun gwamnati na Banjarbil. Auta ta jera mini tukwane a baranda da ƴan faranta a ƙarƙashi, na bi na kwashe farantan, don ruwan da ke kwanciya a ciki gidan sauro ne, irin mai cizon rana da ya kawo zazzaɓin denge a 2017. Bugambil da ke cika katangun Yamai da ja, a wurinmu sai ya yi ta ganye, ba ya fure sosai sai ruwa ya ɗauke. Ranar da na fi yin dariya, ta zo mini da wata ƴar tukunya da ta saya a bakin titi da kuɗin da zai yi cefanen kwana biyu, wai furen sahara. Na duba, ashe ƙariya ce. Ƙariyar nan dai mai kumburarren gindi, da Inna ke hana mu taɓa ruwanta don dafi, wadda ake cewa fure take ba ta ƴaƴa. Yarinya ta yi ta yi mata ban ruwa safe da yamma saboda so, wata guda gindin ya ruɓe ya zama kamar dafaffen kabewa. Ta yi kuka har da majina.

Na yi mata alkawarin wata ƙariyar. Don Allah kafin ranar Asabar ki sa yara su saro mini reshe biyu daga ta bayan gidan Kawu, su sa leda a hannu, a bar su a inuwa bakin yankan ya bushe. Kuɓewar kuma ki ƙara tiya ɗaya, matan Abobo sun riga sun ji ina tafe.