Wa ya ƙera wuƙar nan? Amsoshin tambayoyinku kan wuƙaƙen aljihu

Wannan satin saƙonnin sun taru a kan wuƙar aljihu, irin mai naɗewa ɗin nan ta da, mai ruwa biyu ko uku. Bari mu fara da wanda ya fi taɓa min zuciya.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto: mahaifinta ya yi karatu a Amurka, ya rasu ya bar wata ƴar wuƙa mai baƙar ƙota an rubuta Buck 301 a jikinta, sai wani ɗan'uwansu ya ce mata jabu ce, wai ya ji ba kamfanin Buck ne ya ƙera ta ba. Ta ce abin ya tsaya mata a rai.

Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ƴar'uwa ki kwantar da hankalinki, ba a cuci mahaifinki ba. Ɗan'uwan naku ya ji rabin magana ne ya taho da ita. Gaskiya ne lokacin da Buck suka fara sayar da 301 a 1966 ba su da kayan aikin yin irin wannan wuƙar, sai suka ba kamfanin Schrade kwangila, bayan wasu ƴan shekaru aikin ya koma hannun kamfanin Camillus, sai wajen 1986 Buck suka fara yi da kansu. Duk cikinsu babu jabu, Buck ne suka yi odar, su suka sayar, su suka tsaya mata. Kamar mai shago ne ya ba tela ɗinki ya manna sunan shagonsa. In kina so ki san hannun wa ta fito, duba ƙarfen da ke bakin ƙotar inda ruwan wuƙar yake juyawa. Schrade suna da wata dabara ta ɓoye ƙusar a ciki, ba za ki ga alamarta ta waje ba sam, su kuwa Camillus ƙusar ratsawa take yi, in kin karkata ta a hasken rana za ki hango ɗan zagaye siriri. In kuma akwai wata ƴar alama kusa da lambar 301, toh ta 1986 ce ko bayanta, lokacin ne Buck suka fara sa alamar shekara. Ki ɗiga mata mai ki adana, kar ki bari a kai ta wajen mai injin wasa wuƙa.

Wani daga Kano yana tambaya wane kamfani ne Rostfrei, wai ya gani a wuƙaƙe har uku. Malam ba kamfani ba ne, kalmar Jamusanci ce, ma'anarta ba ta tsatsa. Kalmar Inox ma ma'anarta kenan. Da ka tambayi mai shagon ma da ƙila ya gaya maka.

Sai kuma wani matashi daga Kaduna, an yi masa tallar wuƙar Old Timer a wajen masu kayan gwanjo, mai kayan ya rantse masa ƴar Amurka ce gangariya, yana neman kuɗin da ya kai rabin albashinsa, ya saya ko ya bari?

Ka bari, kuma ka zauna mu yi magana don wannan abin ya daɗe yana ci min rai. Old Timer sunan kayan Schrade ne, masana'antarsu da ke Ellenville a jihar New York an rufe ta a 2004, wani kamfani ya sayi sunan, aka ci gaba da buga irin su a Chaina. Camillus ma sun rufe a 2007 an sayar da sunan. Kamfanin Queen da ke Titusville a jihar Pennsylvania, waɗanda suka yi wa mutane da yawa aikin kwangila har da wuƙaƙen Winchester na ƙarshen shekarun 1980, sun rufe a 2018. Ka ga kenan masana'anta tana mutuwa sunan yana ci gaba da yawo a kasuwa, kuma mu nan sunan muke saya, da an ce mana ƴar waje ce shikenan sai hankali ya tashi hannu ya tafi aljihu, ba wanda zai buɗe wuƙar ya duba gindin ruwanta inda ake buga tambari. A nan amsar take. Ta da za ka ga an buga Schrade da U.S.A. a cikin ƙarfen, ga lambar samfur kamar 34OT. In ba ka ga U.S.A. a gindin ruwan ba, rantsuwar mai kaya ba za ta sa shi a wurin ba. Amurka ta daɗe tana tilasta a rubuta ƙasar da aka yi kaya a jikin duk wuƙar da aka shigo da ita, tun wajen 1891, don haka juya ɗaya gefen ka duba, in ka ga wurin an goge shi ya yi ƙyalli daban da sauran to wani ne ya kankare kalmar China.

Ni ba na ƙin kayan Chaina, a fahimce ni. Rough Rider a can ake yinta, kamfanin Smoky Mountain Knife Works na Amurka ne ke da sunan, ba su ɓoye ba, kuma tana aiki daidai kuɗinta. Abin da ke ɓata min rai shi ne a sayar maka da ita a farashin wadda ba ita ba, kai kuma ka biya kana murna kana nuna wa abokai a majalisa. Haba! Kuɗin cefanen wata guda a kan labarin da ba ka bincika ba? Kuma masu jabun sun ƙware, har kamfanin Case da suke ƙera nasu a garin Bradford na Amurka ana kwaikwayon tambarinsu, shi ya sa masu tara wuƙaƙe suka haddace tsarin ɗigon da Case suke bugawa a tambarinsu don nuna shekara, a 1970 ɗigo goma suka sa, kowace shekara a cire ɗaya har 1979. Tambari abu ne mai sauƙin bugawa, abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne aikin hannu: yadda ruwan yake zama a tsakiya in an naɗe ba ya gogar gefe, ƙarar da yake yi in ya rufe, ko akwai ɓaraka tsakanin ƙarafan baya in ka ɗaga ta sama ka leƙa haske, siffar ɗan ramin da ake sa farce a buɗe. Masana da wannan suke gane masana'anta, su ajiye wuƙar da ba a san mai ita ba kusa da wadda aka tabbatar, in tsawo da lanƙwasar ƙota da wurin ƙusoshi duk sun zo ɗaya to injin ɗaya ne ya yanka su. Ko su ɗin wani lokaci sai dai su ce wataƙila, domin babban kantin Amurka irin Sears ya ba masana'antu fiye da ɗaya aikin wuƙaƙen Craftsman, balle mai tebur da ya ciro ta daga dila jiya.

Wani daga Maraɗi: an kawo masa tsarabar wuƙar Laguiole daga Faransa amma ya ga irinta a kasuwa da araha. Laguiole sunan ƙauye ne da kuma salon wuƙa, ba kamfani ɗaya ke da shi ba, da yawa a garin Thiers na Faransa ake yinsu, wasu kuma a Pakistan da Chaina. Ɗan ƙudan zuman da ke bayanta ba shaida ba ne, kowa yana sawa. Nemi sunan maƙerin a jikin ruwan da takardar da ta zo da ita. Kuma tunda kyauta ce, ka gode wa wanda ya kawo ka yi amfani da abarka.

Mai tambaya kan wuƙar Okapi, me ya sa ta kakansa ta ce Germany tasa ta ce South Africa: duka biyun na gaske ne. A garin Solingen na Jamus aka fara yinta a 1902, a 1988 aka mayar da aikin Afirka ta Kudu. Ƙarfenta mai ɗaukar kaifi ne amma yana tsatsa, ka riƙa gogewa kana shafa mai.

Na ƙarshe, wani yana so in zaɓa masa wuƙar aljihu da zai yanka ragon layya. Subhanallahi, irin waɗannan yawancinsu ba su da makulli, ruwan zai iya naɗowa a kan yatsunka, ga shi gajere ka wahalar da dabba a banza. Je ka wajen maƙera ka sayi wuƙar yanka mai tsawo, a wasa maka ita tun ana jajibere, kuma kar ka wasa ta a gaban ragon.