Dogon dutse mai sunaye a tsakiyar ƙauyukan Faransa

Tambaya: Malam, ƙanena da ke karatu a Faransa ya aiko mini da hotunan ƙauyuka, kuma a tsakiyar kowanne akwai dogon dutse cike da sunaye. Kabari ne? Me ya sa ban ga gicciye a kansu ba?

Amsa: Ba kabari ba ne, dutsen tunawa ne da 'yan garin da suka mutu a yaƙi, amma ga iyalai da yawa ya zama madadin kabari. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, Faransa ta rasa sojoji kusan miliyan 1 da dubu 400, kuma da yawa an binne su a fagen daga, wasu ko gawarsu ba a gani ba. Uwar da ba ta da kabarin ziyarta tana buƙatar wurin da za ta tsaya gaban sunan ɗanta.

Dokar 25 ga Oktoba 1919 ta ba gwamnati damar tallafa wa garuruwa wajen gina waɗannan duwatsun tunawa, amma yawancin kuɗin karo-karon mutanen gari ne, shi ya sa siffar ta bi ƙarfin aljihu. Ƙauye mai hali ya sayi mutum-mutumin soja daga masana'antun narka ƙarfe, marar hali kuwa ya tsaya a ginshiƙi mai tsini. Batun gicciye, dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati ta hana sanya alamar addini a gine-ginen jama'a, sai a maƙabarta da wuraren ibada.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne jerin sunayen, domin sau da yawa bisa haruffa ake jera su ba tare da muƙami ba, hafsa kusa da ɗan manomi, kuma mai karatu yakan ga sunan gida ɗaya ya maimaitu sau uku. A ƙauyen Gentioux an tsayar da mutum-mutumin maraya ya ɗaga dunƙulallen hannu gaban rubutun da ke yin Allah wadai da yaƙi.

Sojojin Afirka ta Yamma da suka mutu wa Faransa ba sa cikin waɗannan jerin, tunda 'yan gari kawai ake rubutawa. An gina musu nasu a birnin Reims na Faransa a 1924, Jamusawa suka rushe shi a 1940, amma irinsa yana tsaye a Bamako har yau.