Kwafe folda zuwa filasha ya isa ajiyar bayanan shago?

Tambaya: Malam, ina sayar da magunguna a kan sari. Manhajar da muke rubuta ciniki da bashi tana aiki da MySQL, wato manhajar da ke adana bayanan, a kwamfuta ɗaya. Duk Juma'a yarona yana kwafe foldar bayanan zuwa filasha. Hakan ya wadatar?

Amsa: Alhaji, bai wadatar ba, kuma ta yiwu abin da ke cikin filashar ma ba zai buɗu ba. Muddin MySQL na kunne, yana cikin rubutu a fayilolinsa, wani canjin ma bai sauka kan faifai ba tukuna. Kwafin da aka ɗauka a haka yakan fito rabi tsoho rabi sabo, ranar da aka nemi dawo da shi ya ƙi tashi.

Abin da zai zaɓa maka hanya shi ne: cinikin awa nawa za ka iya sake shigarwa daga rasit? In na yini ɗaya ne, kayan aikin MySQL mai suna mysqldump ya ishe ka. Yana fitar da bayanan duka a fayil guda. A haɗa masa --single-transaction domin ya ɗauki kwafi daidaitacce ba tare da ya tsayar da masu ciniki ba, amma wannan sai teburorin InnoDB, ba ya kare na MyISAM (hanyoyi biyu ne da MySQL ke ajiye bayanai da su). A sa Task Scheduler na Windows, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, ya riƙa gudanar da shi kullum kafin a kashe janareta, kowane fayil da kwanan watansa. Kada na yau ya hau kan na jiya, domin ɓarna takan yi kwanaki ba a gano ta ba. A riƙe na kwana 14 da na ƙarshen kowane wata.

In kuwa asarar awa ɗaya ma ta yi yawa, bayan mysqldump ɗin a tabbatar binlog na MySQL na kunne, a riƙa tura shi wata na'urar. Shi ke rubuta kowane canji, da shi ake komawa daidai mintin da ya gabaci kuskure.

Kwafi ya zama uku: na kwamfuta, na faifan waje da ake cirewa bayan an gama, da na intanet mai riƙe tsofaffin kwafi. Faifan da aka bari a jone, cutar kwamfuta mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa tare za ta kulle su.

Sau ɗaya a wata a loda kwafin a wata kwamfutar, a gwada jimlar bashi da ta littafi.