Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Yaron Gaya Wa Iyayensa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli fim ɗin BBC mai suna Floodlights, wanda ya nuna yadda wani mai horar da yara ƙwallon ƙafa a Ingila ya riƙa lalata da ɗalibinsa. Shin labarin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, me ya sa yaron bai gaya wa iyayensa ba? Ɗana mai shekara 12 yana zuwa atisaye kullum da yamma, kuma tun da na ga fim ɗin hankalina bai kwanta ba. Daga wani uba a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana yaron. Labarin gaskiya ne. Fim ɗin, wanda BBC ta nuna a 2022, tarihin Andy Woodward ne, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Crewe Alexandra ta Ingila, wanda ya faɗa hannun koci Barry Bennell yana da shekara 11. Woodward bai fito ya faɗa wa duniya da sunansa ba sai a watan Nuwamba na 2016, a hirarsa da jaridar Guardian, lokacin yana da shekara 43. Maganarsa ce ta buɗe bakin ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa. A 2018 kotu a Liverpool ta ɗaure Bennell shekara 30 bisa laifuka 50 da ya aikata wa yara 12, kuma a gidan yari ya mutu a 2023.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi nauyi. Bennell bai zo wa yaran da fuskar mugu ba. Ya zo musu a matsayin mutumin da ake cewa yana da ido wajen gano gwani, wanda kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya kai yaro babbar ƙungiya ko ta mayar da shi benci. Gidansa cike yake da kayan wasa da ke jan hankalin yara, har da biri, kuma yakan gayyace su kwana da sunan shirin wasan gobe. Kafin ya taɓa yaro, sai ya fara mallake zukatan iyayensa: yana shiga gidan su Woodward, ana cin abinci da shi, har daga baya ya auri yayar yaron. To, ka duba halin ɗan shekara 11 da ke zaune a kan tebur ɗaya da mai cutar da shi, yana ganin mahaifiyarsa tana zuba wa mutumin abinci tana yi masa godiya. Ta ina zai fara? Idan ya yi magana, yana tsoron a ƙaryata shi, yana jin kunya a matsayinsa na namiji, sannan yana ganin burinsa na zama ɗan wasa ya rushe a ranar.

A ganina laifin manya ya fi komai ciwo a wannan labari. An riga an ɗaure Bennell a Amurka tun tsakiyar shekarun 1990, amma rahoton lauya Clive Sheldon na 2021 ya gano cewa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta yi jinkirin ɗaukar matakan kare yara daga 1995 zuwa 2000.

Ban ce ka cire ɗanka daga ƙwallo ba, kuma bai dace ka zargi kocinsa ba tare da dalili ba. Amma ka riƙa zuwa filin ba tare da sanarwa ba, ka san kocin da mataimakansa. Kada ka yarda da kwana a gidan koci, ko tafiya gasa a wani gari ba tare da wani babba na biyu ba, kuma ka bincika duk kyautar takalmi ko waya da aka ba shi shi kaɗai. Idan yaron da ke ɗokin atisaye ya fara neman uzurin ƙin zuwa, ka zaunar da shi cikin natsuwa, ba da tsawa ba, ka tabbatar masa cewa duk abin da ya faɗa maka za ka saurara, kuma ba za ka hana shi ƙwallo saboda ya faɗa ba.